Yadda Muka Kai Laburare Cikin Aji

Na kama aiki a laburaren wata jami'ar tarayya da ke Arewa a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da akwatunan kati ne ke tarbar duk wanda ya shigo zaure. A sashen tsara littattafai aka ajiye ni. Duk littafin da ya shigo sai mun buga masa kati a tafireta, ɗan kati mai inci 3 a tsaye da inci 5 a kwance: ɗaya da sunan marubuci, ɗaya da sunan littafin, ɗaya ko biyu da fannin da ya ƙunsa. Daga nan mu ba shi lambar mazauni bisa tsarin laburaren majalisar dokokin Amurka, wanda akasarin jami'o'in Nijeriya ke bi. Har gobe ko daga barci aka tashe ni aka tambaye ni inda adabin Hausa yake, zan ce a duba PL 8234.

A bayan teburin aro akwai wata kanta da muke kira kantar ajiya. Farkon kowane zangon karatu malami zai aiko, ko ya tako da kansa, da takarda ɗauke da sunayen littattafan da yake so 'yan ajinsa su karanta. Mu bi kantoci mu zaro su, mu jera su a can, mu manna lambar kwas ɗin a jikin katako. Ɗalibi ya zo ya ce, "Malama, littafin kwas kaza nake so," ya ajiye katin shaidarsa, a ba shi na awa biyu, a nan zai karanta ya mayar. Kafin jarrabawa littafi ɗaya ya ratsa hannun aji guda, bangonsa ya saki, mu kai shi ɗakin ɗinki. Ƙarancin kwafi ne ya haifi wannan tsari, amma yana da albarka babba: malami ya san abin da laburare ya mallaka, laburare ya san abin da ake koyarwa a aji, ɗalibi kuma ya san inda zai dosa. Mafi yawan abin da na yi a sauran shekarun aikina ƙoƙari ne na sake ƙulla wannan zumunci bayan ya tsinke.

Kwamfuta ta riga ni shiga laburaren. A shekarun 1990 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, da kuɗin wani rance na Bankin Duniya, ta raba wa jami'o'in tarayya manhajar laburare mai suna TINLIB. Na tarar da kwamfutocin a wani ɗaki, an lulluɓe su da leda saboda ƙurar hunturu, ana shigar da bayanan littattafai ranar da aka samu wuta. Aikin bai yi nisa a wurinmu ba, don babu tsayayyiyar wuta, babu kuma kuɗin gyara idan na'ura ta tsaya. Sai TEEAL ta iso, tarin mujallun aikin gona da Jami'ar Cornell ta Amurka ta zuba a faifan CD domin ƙasashen da intanet bai wadace su ba. Ina tuna yadda malaman tsangayar noma suke layi, ana sa faifai ana cirewa, kowa na jiran shekarar mujallar da yake nema.

Daga farkon shekarun 2000 alheri ya fara kwararowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe HINARI a 2002 domin mujallun likitanci. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta biyo da AGORA a 2003, sannan OARE ta zo a 2006 domin fannin muhalli. Dukkansu suna ba jami'o'in ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi dubban mujallu kyauta ko a kan kuɗi kaɗan. A 2006 ɗin dai rumbun mujallu na JSTOR ya yafe wa cibiyoyin ilimi na Afirka kuɗin shiga. Gidauniyar MacArthur da ta Carnegie suka tallafa wa wasu jami'o'i, cikinsu har da Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano da ta Jos, aka horar da ma'aikatan laburare, mu ma muka ci albarkacin tarurrukan bita. Aka kafa mana farantin intanet a kan rufi, aka ware babban ɗaki aka jera kwamfutoci. Ni da na ga zamanin da mujalla mafi sabunta a kantarmu ta shekara goma da fitowa, na ɗauka wahala ta ƙare.

Sai dai kowane rumbu da ƙofarsa, kowace ƙofa da mabuɗinta. Sunan shiga da kalmar sirri na kowanne suna cikin ambulan a aljihun teburin shugaban sashen, domin yarjejeniya ta hana a manna su a bango. Ɗalibi sai ya zo da ƙafarsa, ya sa hannu a rajista, ma'aikaci ya duƙa ya buga masa kalmar sirri, sannan ya fara lalube a shafin da bai taɓa gani ba. Idan lokacin tashi ya yi, ko man janareto ya ƙare, shi ke nan sai gobe. A daidai wannan lokaci ɗalibai suka ninka, kuɗin sayen littafi ya ja baya, malamai suka daina aiko mana da takardar farkon zango. Handawut ya maye gurbin komai: 'yan shafuka da ake bugawa a shagon fotokwafi, a haddace, a zuba a takardar jarrabawa. Kantar ajiya ta koma wurin ajiye tsofaffin jaridu.

Akwai ranar da ba na mantawa. Wani ɗalibin digiri na biyu a fannin noma ya shigo ofishina da ƙunshin takardu a jakar leda, yana so in nuna masa yadda ake jera sunayen madogara a ƙarshen kundi. Bincikensa a kan wuta-wuta ne, ciyawar nan da ke kashe dawa da gero. Na ga takardun duk fotokwafi ne na mujallun waje, sai na tambaye shi inda ya samo su. Ya ce motar dare ya hau zuwa Ibadan, ya kwana a wurin wani ɗan garinsu, kuɗin ma sai da ya sayar da buhun masara. Na jawo kujera na ce ya zauna. Na buɗe AGORA, na ɗauki takarda ta farko na buga sunanta, ta fito. Na ɗauki ta biyu, ta fito. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya, kusan duka suna nan, har da sababbi da bai samu a can ba. Ya yi shiru yana kallon allon, can ya ce, "Hajiya, wallahi babu wanda ya taɓa gaya mini." Ɗakin kwanansa bai fi tafiyar minti kaɗan daga inda muke zaune ba. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Daga ranar na daina yarda da cewa ɗalibanmu ba sa son karatu. Mutumin da ya sayar da hatsinsa ya kwana a mota don maƙala ba malalaci ba ne. Na zauna na lissafa wuraren da ɗalibi zai leƙa kafin ya tabbatar ko muna da abin da yake nema: akwatin kati, kwamfutar da ke da rabin bayanan littattafai, rajistar ɗakin kundayen digiri, sannan rumbunan mujallu ɗaya bayan ɗaya. A gefe guda kuma ga Google da akwati ɗaya tal, ka rubuta ka danna. Duk mai hankali ya san inda yaro zai nufa. Muka kai maganar gaban shugaban laburare, Allah ya saka masa da alheri, ya ce a fara da gyara gida.

Koha muka ɗauka, manhajar da aka rubuta a New Zealand a 1999 domin wani ƙaramin laburaren jama'a, aka kuma sake ta kyauta ga duniya. Rashin kuɗin lasisi na shekara-shekara shi ya fi jan hankalinmu, don mun ga yadda aiki ke mutuwa ranar da tallafi ya ƙare. Aka riƙa ɗauko aljihunan kati ɗaya-ɗaya ana ajiyewa a gaban masu shigar da bayanai. Littattafan da aka buga a Ingila da Amurka ba su ba mu wahala ba: ka buga lambar littafin, Koha ta jawo cikakken bayaninsa daga manyan laburaren duniya, ka ƙara lambar mazauninsa. Namu na gida su ne aiki. Ƙananan littattafan da aka buga a Zariya tun zamanin da, takardun tarurrukan ƙara wa juna sani, littattafan hikaya na Kano da yawancinsu ba lamba ba shekarar bugu, duk sai da hannu, littafi a cinya ana duba shafin farko da na ƙarshe. A nan na gane cewa idan ba mu muka rubuta bayanin littattafanmu ba, babu wanda zai rubuta mana.

Sunaye ma sun sha mana kai. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kaɗai mun same shi a katunanmu da rubutu iri-iri: yadda Turawa ke rubutawa, yadda masu fassara daga Larabci ke rubuta Ibn Fudi, da yadda mu Hausawa muke rubutawa. A zamanin kati mutum zai yi ta jan aljihu har ya ci karo da katin da ke cewa duba wuri kaza. Kwamfuta kuwa abin da ka ba ta shi take nema. Ɗalibi ya rubuta suna ɗaya, ta nuna masa littafi uku, ya tafi da zaton iyakar abin da muke da shi ke nan, alhali wasu da dama suna ɓoye a ƙarƙashin wani rubutun. Sai da muka tsayar da suna ɗaya tare da shekarun 1754 zuwa 1817, muka ɗaure sauran a jikinsa. Haka muka yi wa Abdullahi na Gwandu da Muhammadu Bello da Nana Asma'u. Sannan ga haruffa masu lanƙwasa. Wani ma'aikaci ya buga ƙ da ɗ daidai, wani ya buga k da d tsura, wani ya sa musu waƙafi a sama. Wani matashi daga sashen kwamfuta ya gyara mana injin neman yadda zai ɗauki ɗ da d, ƙ da k, ɓ da b a matsayin abu ɗaya wajen nema, amma ya nuna rubutun daidai wajen bayyanawa. Gyaran 'yan layuka ne, amma shi ya fito da littattafan Hausa da yawa daga duhu.

Kundayen digiri muka zuba a DSpace, manhajar da jami'ar MIT da kamfanin HP suka fitar a 2002. Nan ma an kai ruwa rana. Malamai da dama suka ce idan aka sa kundi a intanet an buɗe wa ɓarayin rubutu ƙofa. Amsar da muka ba su ita ce, kundin da ke kulle a ɗaki shi aka fi sata, domin wanda ya kwafe shi ya kai wata jami'a ya san ba mai ganewa. Wanda ke fili kuwa, da an buga jimla ɗaya asiri ya tonu. Da aka amince, muka tsara bayanan yadda Google Scholar zai iya ɗauka. Ba a daɗe ba wasiƙu suka fara zuwa daga Nijar da Ghana da Jamus, masu bincike suna tambayar kundin da ya shekara ashirin ba wanda ya buɗe shi.

Akwatin nema guda ɗaya shi ne mataki na gaba. Manyan jami'o'in duniya suna sayen irinsu Primo da Summon da na kamfanin EBSCO, waɗanda ke haɗa littafi da mujalla da kundi a nema ɗaya, amma da dala ake biya kowace shekara. Mu muka ɗauki VuFind, wadda Jami'ar Villanova ta Amurka ta samar ta sake ta kyauta. Kowane dare takan kwaso sababbin bayanai daga Koha da DSpace ta zuba a fihirisa ɗaya. Da safe ɗalibi ya rubuta "noman rani", ya ga littafin da ke kanta da lambarsa da ko an are shi, ya ga kundin digiri da zai iya saukewa nan take, a gefe kuma ga hanyar zuwa rumbunan mujallu. Sai matsalar shiga daga wajen makaranta. Masu mujallu suna gane mu ne ta adireshin intanet na jami'a, don haka wanda ke gida baƙo ne a wurinsu. Aka kafa uwar garke ta tsakiya, wadda aikinta kamar na ɗan gida ne da zai rako ka bakin ƙofa ya ce wa mai gadi wannan namu ne. Ɗalibi ya shiga da lambar rajistarsa, ita kuma ta gabatar da shi. Ranar da wannan ya fara aiki aka daina buɗe ambulan ɗin nan.

Duk da haka mutanen da ke amfani da kayan ba su kai yadda muke fata ba. Masu digiri na biyu da na uku sun samu sauƙi, amma ɗan aji ɗaya da ɗan aji biyu ba su san muna yi ba. Dalili a fili yake: ɗalibin digirin farko ba ya neman abin da malaminsa bai ce ya nema ba. Mun gyara laburare, amma har yanzu yana gefe guda, aji yana gefe guda.

Annobar korona ce ta tilasta haɗuwar. A watan Maris na 2020 gwamnati ta rufe makarantu, a watan ne kuma ƙungiyar malaman jami'o'i ta shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai 23 ga Disamba. Da aka dawo a farkon 2021 ga dokar ba da tazara, ga azuzuwan da ɗalibai ke zama har kan taga. Hukumar jami'a ta ce manyan kwasa-kwasai su koma intanet. Ashe sashen kwamfuta ya daɗe da kafa Moodle, manhajar koyarwa da wani ɗan Ostareliya, Martin Dougiamas, ya fitar a 2002, tana nan zaune ba mai shiga sai 'yan tsiraru. Aka kira taron gaggawa na shugabannin tsangayu da mutanen kwamfuta. Ba a gayyaci laburare ba, ba don ƙeta ba, sai don ba wanda ya kawo a ransa cewa muna da abin faɗa. Na roƙi shugabanmu ya nema mana kujera, aka ba mu.

A taron kowa maganar bidiyo yake, da yadda za a ɗora handawut. Da aka ba ni dama na ce, "Ranku ya daɗe, abu ɗaya muke roƙo. Duk kwas ɗin da za a buɗe wa shafi, a bar mana gurbi a ƙarƙashin kowane mako, mu sa abin da za a karanta." Wani ya ce ai ɗalibai suna iya zuwa shafin laburare da kansu. Na ce shekaru muna jira su zo, yanzu mu za mu je. Shugaban taron ya ce a gwada da kwasa-kwasan share fage da kowane ɗalibi ke ɗauka, da duk malamin da ya ga dama.

Yadda aikin yake shi ne, a raba ma'aikatan laburare bisa tsangayu, kowa ya bi malamansa ofis-ofis ya karɓo jadawalin kwas. Mu zauna mu duba mako na ɗaya me za a koyar, me muke da shi a kai. Idan littafi ne na kanta, mu sa mahaɗin da zai kai ɗalibi bayaninsa a Koha, ya ga lamba, ya ga ko yana nan. Idan maƙala ce a mujalla, mu ɗauki lambarta ta dindindin da ake kira DOI mu haɗa da adireshin uwar garkenmu, yadda dannawa ɗaya za ta buɗe ta ko daga ƙauye ne. Idan babu, mu nemo madadi a cikin abin da aka sake kyauta: mujallun Afirka da ke AJOL, littattafan OpenStax, da darussan da Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa ta ɗora a shafinta. A gefen kowane shafi kuma muka dasa akwatin neman nan, da sunan ma'aikacin da ke kula da tsangayar. Jami'o'i masu hali suna da manhajoji na musamman da ke yin wannan ta wata ƙa'ida da ake kira LTI, wadda ke buɗe laburare a cikin shafin darasi ba tare da an sake tambayar ɗalibi ko shi wane ne ba. Mu da hannu muka yi, mahaɗi bayan mahaɗi.

An yi muhawara a kan dalilin da ya sa ba za a sauke maƙalar kawai a ɗora ta a shafin ba. Muka bayyana cewa yarjejeniyar da jami'a ta sa wa hannu ba ta yarda a kwashe kayan mutane a sake rabawa ba, kuma duk maƙalar da aka buɗe ta mahaɗi ana ƙirga ta, da wannan ƙidayar muke zuwa gaban hukuma mu kare kuɗin sabunta rajista. Amma su ma ɗalibai suna da hujja: data tsada gare ta, sabis kuma ba kullum ba. Sai muka raba. Abin da aka biya kuɗi a bi ta mahaɗi, kowa ya sauke nasa. Abin da yake na kyauta ko na jami'a mu matse shi ya yi ƙanƙanta mu ɗora kai tsaye. Muka kuma koya musu cewa manhajar Moodle ta waya tana iya sauke kayan mako guda a lokacin da suke cikin makaranta, su karanta a gida ba tare da data ba.

Cikin malaman da na bi akwai wani dattijon farfesa a fannin tarihi, mutum mai kwarjini wanda ya koyar da rabin malaman sashensa. Na yi sallama na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya jawo wata takarda da ta yi ja don tsufa ya ce, "Hajiya, wannan jerin nake bayarwa tun kafin a haifi yaran nan. Wanda ke son ilimi ya je ya nema." Na ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Ka ba ni aron ta zuwa jibi." Na koma na bi jerin. Mafi yawan littattafan suna kantarmu, wasu ba a taɓa aronsu ba tun da aka koma kwamfuta. Maƙalun kuma suna JSTOR. Da na dawo na buɗe masa shafin a kwamfutata, ya ga jerinsa yadda ya rubuta shi, ba a taɓa ko layi ɗaya ba, sai dai kowane suna ya zama ƙofa. A ƙasa na ƙara masa kundaye uku daga DSpace a kan masarautun yankinmu, ban ce komai ba. Ya gyara tabarau ya karanta sunayen, ya ce, "Wannan ai ni na duba shi. Wannan ma. Allah ya jiƙan wannan, ya rasu." Ya daɗe yana sauka yana hawa a shafin, sannan ya ce, "Sa su a mako na biyar. Su san cewa 'yan'uwansu ma sun rubuta tarihi." Bayan haka shi da kansa ya riƙa tura mini ƙananan malaman sashen.

Wata ɗaliba mai lalurar gani ita ta buɗe mana ido a kan wani abu. Ta zo da ƙawarta ta ce, "Mama, wayata tana karanta mini maƙalun mujalla da murya, amma idan na buɗe kundayen da kuka ɗora sai ta yi shiru." Dalili shi ne hoton shafi aka ɗauka, ga mai ido rubutu ne, ga na'ura kuwa hoto ne kawai. Aka sake bi ta kansu da manhajar da ke mayar da hoto rubutu. Na Turanci suka fito da kyau, na Hausa sai da aka bi da hannu saboda haruffa masu lanƙwasa, na ajami kuwa har na bar aiki ba mu samu hanyarsu ba, sai dai mu rubuta musu cikakken bayani da boko. Gyaran da aka yi dominta ya amfani kowa, domin daga nan injin nema ya fara shiga cikin kundin kansa, ba sunansa kaɗai ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne littafin takarda ya farfaɗo. Mun zaci shafin darasi zai ƙarasa kwashe mutane daga zaurenmu, sai ga yara suna shigowa da waya a hannu suna nuna lamba suna tambayar hawa na nawa ne. A lokacin yajin aiki na 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ƙofofin azuzuwa suna rufe, amma rajistar uwar garke tana nuna ana shiga cikin dare, ana buɗe maƙalu daga garuruwan da ban taɓa zuwa ba. Wata matar aure da ke digiri na biyu ta gaya mini cewa babin nazarin ayyukan magabata gaba ɗaya a waya ta karanta shi, bayan yara sun yi barci.

Ba zan ce an gama ba. Wuta tana nan yadda take, ranar da batiran sola suka gaza uwar garke ta kwanta, duk mahaɗan nan su mutu lokaci ɗaya. Faɗuwar darajar naira tun daga 2023 ta sa rajistar da ake biya da dala ta zama nauyi. Matasan da suka iya aikin, da sun ƙware sai wani wuri ya ɗauke su. Mahaɗi kuma ba a dasa shi a tafi, kowane zango sai an bi an duba wanda ya mutu. Asusun TETFund, da dokar 2011 ta kafa, yana ware kaso domin bunƙasa laburare, kuma an ga amfaninsa a gine-gine da kwamfutoci da littattafai. Amma abin da ya haɗa laburare da aji a wurinmu ba a saye shi da kwangila ba. Ma'aikaci ne ya ɗauki jadawalin kwas ya ƙwanƙwasa ƙofar malami.

Saboda haka ina kira ga majalisun jami'o'inmu da su mayar da wannan doka: kada a amince da sabon kwas, kada a buɗe masa shafi, sai da jerin abin karantawa da laburare ya duba ya haɗa. A sa ma'aikacin laburare a kwamitin manhajar karatu na kowace tsangaya, a kuma ware kuɗin horar da shi da riƙe shi kamar yadda ake ware na gini. Malamai 'yan'uwana, ku ba mu jadawalinku kafin zango ya fara, ba a makon jarrabawa ba. Ku kuma matasan da kuka gaje mu a wannan aiki, kada ku zauna a bayan tebur kuna jiran a zo. Duk mujallar da aka biya wa kuɗi ɗalibi bai buɗe ta ba asara ce, kuma amanar hana wannan asara a wuyanku take.